Gregor Mendel

Gregor Johann Mendel (20 ga Yuli 1822 – 6 ga Janairu 1884) limamin Kirista ne na ɗariƙar Katolika, malamin makaranta kuma masanin tsirrai, wanda ya yi rayuwarsa a birnin Brno na daular Ostiriya, a ƙasar da a yau ake kira Jamhuriyar Cek. Ana ɗaukarsa a matsayin wanda ya aza harsashin ilimin gadon halitta, wato ilimin da ke bayanin yadda 'ya'ya ke gadon siffofin iyayensu. Tsakanin 1856 da 1863 ya shuka tsiron wake kimanin 28,000 yana haɗa su aure yana ƙirga abin da suka haifar. Daga wannan ƙirge ya gano cewa kowace siffa tana da nata ƙwayoyin gado guda biyu, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, kuma ƙwayar da ba ta bayyana a jikin ɗa ba tana nan a ɓoye yadda take, tana iya fitowa a jikin jika. Masana ba su kula da aikinsa ba sai a 1900, shekara 16 bayan rasuwarsa.

Haihuwa da ƙuruciya

An haife shi a ƙauyen Heinzendorf, wanda yanzu ake kira Hynčice, a yankin Silesiya. An raɗa masa suna Johann. Iyayensa, Anton da Rosine, ƙananan manoma ne masu magana da Jamusanci. Yana da yaya mace mai suna Veronika da ƙanwa mai suna Theresia. Tun yana yaro yake taya mahaifinsa aikin lambu, inda ya koyi dashen itatuwa da kiwon zuma.

Malaman ƙauyen sun ga hazaƙarsa, suka ba da shawarar a tura shi gaba. A 1834 ya shiga makarantar sakandare ta garin Troppau, wato Opava a yau, ya gama a 1840. Yana cikin wannan karatu ne gungumen itace ya faɗo wa mahaifinsa, ya ji rauni har ya kasa noma kamar da. Daga nan Mendel ya koma koyar da wasu yara darasi domin ya sami abin da zai ci. Daga 1840 zuwa 1843 ya yi karatu a cibiyar falsafa ta Olomouc, amma rashin lafiya da rashin kuɗi suka sa ya yi asarar shekara guda. Ƙanwarsa Theresia ce ta ba shi wani ɓangare na dukiyar da aka ware mata domin aurenta ya ƙarasa karatun. Bai manta da wannan alheri ba: daga baya ya ɗauki nauyin karatun 'ya'yanta maza uku, biyu daga cikinsu suka zama likitoci.

Shiga gidan zuhudu da aikin koyarwa

A 1843, bisa shawarar malaminsa na kimiyyar fiziks, Friedrich Franz, ya shiga gidan zuhudu na Waliyyi Toma da ke Brno, na mabiya tafarkin Augustine. A nan aka ba shi sunan Gregor. Shugaban gidan a lokacin, Cyrill Napp, mutum ne mai son ilimi da harkar inganta iri, kuma gidan yana da babban ɗakin karatu da lambu. Yankin Morabiya, inda Brno yake, ya yi suna da kiwon tumaki masu ulu, saboda haka tambayar yadda ake gadon siffa ta daɗe tana damun makiyaya da masu masaƙu na wurin.

An naɗa shi firist a 1847. Da aka tura shi yi wa majinyata hidima, ganin wahalarsu ya kwantar da shi rashin lafiya, sai Napp ya mayar da shi koyarwa. A 1849 ya fara koyarwa na wucin gadi a garin Znaim. A 1850 ya zauna jarrabawar samun shaidar malanta ya faɗi. Napp ya tura shi Jami'ar Vienna, inda ya yi karatu daga 1851 zuwa 1853. A can ya koyi fiziks a hannun Christian Doppler, ya koyi ilimin tsirrai a hannun Franz Unger. Daga malaman fiziks ya ɗauko ɗabi'ar tsara gwaji da auna sakamako da lissafi, abin da masu nazarin tsirrai na zamanin ba su saba yi ba.

Ya koma Brno ya kama koyarwa a wata makarantar sakandare a 1854. A 1856 ya sake neman shaidar malanta bai dace ba. Haka ya ci gaba da koyarwa a matsayin malamin wucin gadi har 1868.

Gwajin wake

A zamanin Mendel, yawancin masana sun ɗauka siffofin uwa da na uba suna gauraya ne a jikin ɗa, kamar yadda rini ke gauraya da ruwa, ta yadda ba za a sake raba su ba. Masu lambu kuwa sun san cewa wani lokaci siffar kakanni takan sake ɓullowa, amma ba wanda ya san ƙa'idar hakan.

Mendel ya zaɓi waken Turai mai mulmulalliyar ƙwaya, irin wanda ake zubawa ɗanye a soyayyiyar shinkafa, mai sunan kimiyya Pisum sativum. Dalilin zaɓin shi ne furen wannan wake a rufe yake, yana ɗauke da sashen namiji da na mace, yana yi wa kansa barbara. Saboda haka mai gwaji zai iya buɗe furen tun bai nuna ba, ya cire sashen namiji, ya shafa masa ƙurar furen wani tsiro da ya zaɓa, ya tabbatar da wane ne uba wace ce uwa. Ya samo iri 34 daga masu sayar da iri, ya shuka su shekara biyu yana lura, sannan ya zaɓi 22 waɗanda siffarsu ba ta sauyawa daga shuka zuwa shuka. Ya kuma ajiye wasu tsirran a tukwane cikin ɗakin gilashi, domin ya gwada ko ƙwari na ɓata masa sakamakon na fili.

Siffofi bakwai ya bi, kowace mai fuska biyu da ido ke iya rarrabewa: ƙwaya sumul ko yanƙwananniya, cikin ƙwaya rawaya ko kore, fatar ƙwaya mai launi, wadda ke tafiya da fure shunayya, ko fara mai tafiya da farin fure, kwanso cikakke ko mai tsukewa tsakanin ƙwayoyi, ɗanyen kwanso kore ko rawaya, fure a jikin kara ko a ƙarshensa, da kuma kara dogo ko gajere.

Da ya haɗa mai ƙwaya sumul da mai yanƙwananniya, 'ya'yan duka suka fito sumul. Ba a sami tsaka-tsaki ba, kuma sakamakon bai sauya ba ko wane ne ya zama uwa. Da ya shuka waɗannan 'ya'ya ya bar su suka yi wa kansu barbara, sai yanƙwananniyar ta dawo a cikin jikoki. Ya ƙirga ƙwaya 7,324: sumul 5,474, yanƙwanannu 1,850. A gwajin launi ya ƙirga 8,023: rawaya 6,022, kore 2,001. A gwajin tsayi ya sami dogaye 787 da gajeru 277. A duk siffofin bakwai lissafin ya tsaya kusa da uku bisa ɗaya. Siffar da ta mamaye 'ya'ya ya kira ta mai rinjaye, wadda ta ɓuya ta dawo kuma ya kira ta mai ja da baya.

Bai tsaya nan ba. Ya sake shuka jikokin domin ya ga abin da ke cikinsu. Masu siffa mai ja da baya sun haifi irinsu kaɗai. Masu siffa mai rinjaye kuwa sun kasu biyu: daga tsiro 565 da suka fito daga ƙwaya sumul, 193 sun ba da sumul zalla, 372 sun ba da sumul da yanƙwanannu. Wato ukun nan da ido ke gani iri ɗaya, ɗaya ne tsantsa, biyu suna ɗauke da siffar da ta ɓuya. Asalin lissafin ke nan ɗaya, biyu, ɗaya.

Sannan ya bi siffa biyu a lokaci guda. Daga ƙwaya 556 ya sami sumul rawaya 315, sumul kore 108, yanƙwanannu rawaya 101, yanƙwanannu kore 32, wato kusan 9:3:3:1. Wannan ya nuna masa cewa gadon launi bai ɗaure da gadon surar ƙwaya ba.

Ƙa'idojin gado

Daga baya masana suka taƙaita bincikensa a ƙa'idoji uku. Ta farko ita ce ƙa'idar rabuwa: kowane mai rai yana da ƙwayar gado biyu ga kowace siffa, amma ɗaya tak yake miƙa wa kowane ɗa, kuma wadda za ta tafi sa'a ce, kamar jefa kwabo. Ta biyu ita ce ƙa'idar cin gashin kai: rabon ƙwayoyin wata siffa bai shafi rabon na wata ba. Ta uku ita ce ƙa'idar rinjaye: idan ƙwayoyin biyu sun bambanta, ɗaya na iya rufe ɗaya.

Mendel ne ya fara rubuta mai rinjaye da babban harafi, mai ja da baya da ƙarami. Idan uwa Aa ce uba ma Aa, haɗuwa huɗu ce mai yiwuwa: AA, Aa, aA da aa. Uku daga ciki suna da babban harafi, shi ya sa ake ganin uku bisa ɗaya.

Gabatar da bincike da rashin karɓuwa

Ya gabatar da sakamakonsa a zama biyu na ƙungiyar masu nazarin halittu ta Brno, ranar 8 ga Fabrairu da 8 ga Maris 1865. An buga maƙalar a mujallar ƙungiyar a 1866 da Jamusanci, da taken da ke nufin gwaje-gwaje kan auren tsirrai. An aika mujallar ɗakunan karatu da dama a Turai, shi ma ya karɓi kwafi 40 na maƙalar domin rabawa, amma cikin shekara 34 da suka biyo baya 'yan tsiraru ne suka ambace ta.

Ya yi musayar wasiƙu da Carl Nägeli, babban masanin tsirrai a Munich, daga 1866 zuwa 1873. Nägeli bai gamsu ba, kuma hankalinsa na kan wani tsiron daji mai suna Hieracium. Mendel ya shafe shekaru yana gwada wannan tsiro mai ƙananan furanni, har aikin ya taɓa masa ido, kuma sakamakon bai yi daidai da na wake ba. Sai bayan rasuwarsa aka gano dalili: yawancin nau'o'in wannan tsiro suna yin iri ba tare da barbara ba, ɗa yakan zama kwafin uwa. Mendel ya karanta littafin Charles Darwin kan asalin halittu a fassarar Jamusanci, ya yi alamomi a gefen shafukansa, amma su biyun ba su taɓa yin hulɗa ba.

Shugabanci da rasuwa

A Maris 1868, bayan rasuwar Napp, aka zaɓi Mendel shugaban gidan zuhudun. Ya bar koyarwa, harkokin mulki suka cinye lokacinsa. Duk da haka ya ci gaba da rubuta bayanan yanayi kullum, ya rubuta maƙala kan guguwar da ta afka wa Brno ranar 13 ga Oktoba 1870, ya kuma gina ɗakin kiwon zuma a lambun gidan inda ya yi ƙoƙarin haɗa nau'o'in ƙudan zuma aure. Ya riƙe shugabancin wani bankin bayar da lamuni na Morabiya.

A 1874 gwamnati ta kafa dokar haraji na musamman a kan gidajen zuhudu. Mendel ya ɗauki dokar a matsayin zalunci, ya ƙi biya, ya yi ta rubuta ƙorafi har ƙarshen rayuwarsa, ko da sauran shugabannin gidajen suka sassauto. Ya rasu ranar 6 ga Janairu 1884 yana da shekara 61, sakamakon ciwon ƙoda da ya daɗe yana fama da shi. Mawaƙin nan Leoš Janáček, wanda ya taso a makarantar gidan, yana cikin waɗanda suka yi kiɗan jana'izarsa. An ƙone yawancin takardunsa bayan rasuwarsa.

Sake gano aikinsa

A 1900 masana tsirrai uku, Hugo de Vries a Holan, Carl Correns a Jamus da Erich von Tschermak a Ostiriya, suka buga sakamakon gwaje-gwaje irin nasa, suka ambaci maƙalar 1866. William Bateson ya yaɗa ta a Ingila. A 1902 likita Archibald Garrod ya nuna cewa wata cuta mai sa fitsari ya yi baƙi tana bin wannan tsari a jikin ɗan Adam. A 1902 da 1903 Walter Sutton da Theodor Boveri suka danganta ƙwayoyin gado da kuromosom, wato wasu zaruruwa da ke zaune bibbiyu a tsakiyar sel, ƙananan ɗakunan da jikin mai rai ya ginu da su. Waken Mendel yana da kuromosom tagwaye 7, ɗan Adam yana da 23.

Binciken da ya biyo baya ya nuna iyakar ƙa'idojin. Thomas Hunt Morgan da ɗalibansa a Amurka, daga 1910, sun gano da ƙudan 'ya'yan itace cewa ƙwayoyin gado da ke maƙwabtaka a kuromosom ɗaya sukan tafi tare. Siffofi kamar tsayin mutum da launin fata kuma ƙwayoyin gado masu yawa ne ke haɗuwa su samar da su, tare da tasirin abinci da muhalli. A 1936 masanin lissafi Ronald Fisher ya ce alƙaluman Mendel sun yi kusa da abin da ake tsammani fiye da kima, abin da ya jawo muhawara mai tsawo, amma gwaje-gwajen da aka maimaita sun tabbatar da ƙa'idojin. A Tarayyar Sobiyet, hukuma ta haramta koyar da su a 1948 ƙarƙashin tasirin Trofim Lysenko, lamarin da ya mayar da kimiyyar noma ta ƙasar baya.

Daga wake zuwa DNA

Mendel bai san da me aka yi ƙwayoyin gadon ba. A 1869 Friedrich Miescher ya ware wani sinadari daga tsakiyar sel, wanda a yau ake kira DNA. A 1944 Oswald Avery da abokan aikinsa suka nuna cewa shi ne ke ɗauke da gado. A 1953 James Watson da Francis Crick, da taimakon hotunan da Rosalind Franklin da Maurice Wilkins suka samar, suka bayyana surarsa: igiya biyu a murɗe, masu ɗauke da jerin sinadarai huɗu da ake wa laƙabi da haruffa A, T, G da C.

Ƙwayar gado wani yanki ne na wannan jeri, kuma yawanci umarni ne na ƙera furotin guda. Sel yakan kwafi yankin zuwa wani saƙo da ake kira RNA, saƙon ya fita zuwa wata 'yar masana'anta mai suna ribosom. A can ake karanta haruffan uku-uku, kowane uku yana nufin amino asid ɗaya daga cikin iri 20, a jera su kamar tsakiya a zare. Sarƙar da aka samu takan naɗe ta zama furotin, furotin kuma shi ke yin aikin da ake gani a matsayin siffa.

A 1990 masu bincike a Cibiyar John Innes ta Ingila suka gano sirrin yanƙwananniyar ƙwayar Mendel. Akwai furotin da ke taimaka wa wake mayar da sukari sitaci. A cikin iri mai yanƙwanewa, wani guntun DNA ya kutsa tsakiyar ƙwayar gadon da ke ƙera wannan furotin ya lalata ta. Sukari sai ya taru, ƙwayar wake ta sha ruwa da yawa tana ɗanya, idan ta bushe ta motse. Tsiron da ke da lafiyayyar ƙwayar gado ko da guda ɗaya ce yana samar da furotin da ya isa, shi ya sa sumul ke rinjaye.

Alaƙar aikinsa da ƙasar Hausa

Inda lissafin Mendel ya fi shafar rayuwar jama'a a ƙasar Hausa shi ne cutar sikila, wadda ake kira amosanin jini. A 1949 James Neel a Amurka da E. A. Beet a ƙasar da yanzu ake kira Zambiya suka nuna cewa ana gadonta bisa tsarin Mendel. A 1956 da 1957 Vernon Ingram ya gano cewa amino asid ɗaya tak ne ya sauya a furotin ɗin himogulobin, mai ɗaukar iskar oksijin a jini. Tushen sauyin harafi ɗaya ne a kuromosom na 11, inda GAG ya koma GTG. Wannan ne ke sa jajayen ƙwayoyin jini lanƙwashewa kamar lauje su toshe ƙananan jijiyoyi.

Mai rukunin AS yana ɗauke da ƙwayar sikila ɗaya, kuma galibi lafiyarsa ƙalau. Idan AS ya auri AS, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu ya zama AA, biyu cikin huɗu AS, ɗaya cikin huɗu SS. Lissafin na kowane ciki ne daban, saboda haka haihuwar mai SS ɗaya ba ta kare na bayansa. Haka kuma yaro ba ya zama SS sai ya karɓi ƙwayar daga uwa da uba duka, don haka ɗora wa uwa laifi ita kaɗai ba shi da tushe.

A 1954 Anthony Allison ya nuna cewa masu AS sun fi jure zazzaɓin cizon sauro mai tsanani, dalilin da ya sa ƙwayar ta yawaita a Afirka. Binciken zazzaɓin cizon sauro da Hukumar Lafiya ta Duniya da gwamnatin Najeriya suka yi a Garki, cikin Jihar Jigawa ta yau, daga 1969 zuwa 1976, ya ƙarfafa wannan. Rahoton da Alan Fleming da abokan aikinsa suka buga a 1979 ya sami AS a kashi 24 cikin 100 na jarirai da kashi 29 na waɗanda suka haura shekara biyar, yayin da kimanin kashi 2 na jarirai aka haife su da SS, kuma kaɗan ƙwarai daga cikinsu ke kai girma a wancan lokaci. Hukumar ta ƙiyasta a 2006 cewa ana haihuwar yara kusan 150,000 masu sikila a Najeriya duk shekara. A 2024 Jihar Kano ta kafa dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin aure, har da na rukunin jini na gado.

A fannin noma ma ƙa'idar rabuwa tana aiki. Manomi a Birnin Kudu ko Gwaram da ya shuka irin masara mai aure yakan ga gona ta tashi bai ɗaya, domin abin da ya shuka 'ya'yan farko ne. Idan ya ajiye iri daga girbin ya sake shukawa, jikoki ne, siffofin da suka ɓuya sukan fito, gona ta yi tsayi da gajarta, amfani ya ragu. Wannan ne dalilin da malaman gona ke ba da shawarar sabunta irin kowace damina. Da waɗannan ƙa'idoji ne kuma Cibiyar Binciken Aikin Gona ta Samaru a Zariya da reshen IITA na Kano ke fitar da ingantattun irin wake da sauran amfanin gona.

Tunawa da shi

An kafa mutum-mutuminsa a Brno a 1910. Akwai Jami'ar Mendel a birnin, da gidan tarihi a tsohon gidan zuhudun, kuma tashar binciken Jamhuriyar Cek a yankin Antatika tana ɗauke da sunansa. A 2021, gabanin cika shekara 200 da haihuwarsa, masana a Brno suka buɗe kabarinsa da izinin shugabannin gidan zuhudun, suka tantance gawarsa, suka karanta jerin DNA ɗinsa.